Kada Ka Buɗe Tanderu

A Mushin, bayan layin masu alminiyam,
akwai ɗaki mai ƙofa ɗaya da tanderu ɗaya.
Nan Iya Aduke ta kama hannuna ta juya,
ta ƙirga tabon yanka goma sha ɗaya,
ta ce, "Wannan ya san gilashi. Sallau, ka zo da safiya."

Shekara tara ina yanka wa mutane taga,
fari fat, wanda aikinsa kawai ya nuna waje ya yi shiru.
Ban san gilashi na da baki ba
sai da na ga ja a kan teburinta yana surutu,
da shuɗi mai zurfin rijiya,
da wani ruwan zuma da na kusa kai wa harshe.

Ta koya mini jan layi sau ɗaya tak,
ƙiii,
sai a ɗora babban yatsa a karya, ƙas.
Ta ce koren kwalba da shuɗin da ke zuwa ta Apapa
ba sa ga maciji:
a cikin wuta za su rungumi juna kamar 'yan uwa,
in sun huce su rabu da ƙara.

Wata bakwai ina share ɓarɓashi
kafin ta ce in yi nawa.
Na jera ruwan Ikko yadda na fara ganinsa,
da asuba, daga bayan motar tumatir,
barci a idona, kwando a ƙarƙashin ƙafata.
Toka-toka na hayaƙin Makoko,
kwalekwale uku, baƙaƙe, sirara,
da ɗigon ruwan ɗorawa can gefe,
danfo ce, ko rana ce, ni ma ban yanke ba.

Muka rufe. Zafi ya hau ɗari takwas.
Ta ɗaura ɗankwali ta ce, "Ko gobara ta tashi,
kada ka buɗe.
Narkewa wasa ce. Hucewa ita ce aikin."

Ƙarfe biyun dare aka ɗauke wuta.
Janareto ya yi tari uku ya kwanta.
Na zauna da sauro da bugun ƙirjina,
tanderu na numfashi a duhu kamar sa a turke.
An ce mai haƙuri kan dafa dutse.
Ni yashi kawai aka ba ni,
na kasa.
Na ɗaga murfin da faɗin yatsa biyu.

Tas.
Ƙaramar ƙara, kamar an taka gyaɗa.

Da safe ba ta yi faɗa ba.
Sai da ta cinye burodinta da wake,
ta goge hannu, ta ɗaga shi a bakin ƙofa.
Tsagar ta ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa,
ta ɗan karkata a tsakiya.
"Ka zana ruwa ka manta gada," in ji ta.
"Ga ta nan. Ɗauko dalma."
Muka bi tsagar da baƙin layi muka liƙe.
Ƙarshen wata ta cire dubu shida a albashina.

Yanzu yana rataye a tagar ɗakina a Agege.
In jirgin ƙasa ya wuce yakan yi rawar ɗari,
ni ma in yi tare da shi.
Amma da la'asar, in rana ta sauko daidai,
duk ruwan nan yakan zubo kan tabarma,
bai jiƙa komai ba.
Tasalla ta rarrafo, ta damƙi shuɗi da hannu biyu,
ta kai baki,
ta buɗe tafinta ta duba,
ta sake damƙa.